Wa Ake Yayewa?

Yaye kalma ce da ba ta zama wuri ɗaya. Uwa tana yaye ɗanta in ya doshi shekara biyu. Tela yana yaye yaronsa in hannunsa ya faɗa, ya haɗa masa da keke da almakashi ya sa masa albarka. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana bikin yaye ɗalibai, a Zariya kuma ana yaye kuratan soja da fareti da badujala. Amma kalmar ba a nan ta tsaya ba. Ana yaye wa amarya lulluɓi, hazo yakan yaye in rana ta ɗaga, guguwar farkon damina takan yaye rufin ɗaki ta bar masu gida suna kallon sama, wanda kuma ciwo ya kwantar ko talauci ya danne, gaisuwarsa ita ce Allah ya yaye. Da bikin da masifar da addu'ar, duka baki ɗaya ne yake furta su, kuma a kowanne akwai abin da ya lulluɓe wani abu sannan aka ɗage shi. Wata ɗagewar sauƙi ce, wata tsiraici. Abin da ya hana ni sakin kalmar shi ne tambayar da take ɓoyewa a ma'anarta ta farko, wadda kowa yake ganin ya gama saninta: in an raba uwa da ɗa, wa ke lulluɓe da wa, kuma wa aka bari a fili?

Yadda ake yayen yaro a ƙasar nan ta Zamfara, daga Rawayya zuwa Kwatarkwashi har Tsafe, bai bambanta sosai tsakanin gidan Musulmi da na Kirista ba, domin al'adar ta girmi zuwan mishan, Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa. Ana ɗauke yaron a kai shi wajen kaka ko gwaggo, in da hali a wani gari, in babu a wani sashe na gidan inda ba zai riƙa ganin uwar ba. In nisan bai samu ba, a shafa wa nono abu mai ɗaci. Yaro ya yi kukan dare biyu ko uku, a lallashe shi da kunu da goyon kaka, kafin mako ya zagayo ya shiga wasa da yaran gidan, wani ma in an mayar da shi sai ya riƙa yi wa uwar ƙyuya. Hankalin gida duk yana kansa: ya ci, ya yi barci, bai rame ba? Ita kuwa uwar tana can da nono cike, ya yi tauri yana zogi, wata har da zazzaɓi, ta farka tsakar dare ta laluba gefen shimfiɗa ba kowa. Ba a cika yi mata sannu ba, don ana ganin hutu ta samu. In ɗan fari ne ma, kunya ta hana ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, tunda ko sunansa ba ta faɗa. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta nuna yadda yara suke wucewa daga yaye zuwa riƙo a hannun dangi, ita kanta da 'ya'yan riƙo ta yi zaman duniyarta don ba ta haihu ba. A bakin mutane uwa ce ta yaye ɗa. Jikinta kuwa yana shaida cewa mutum biyu aka raba, kuma babban ne ya fi daɗewa bai warke ba.

Akwai yaye na biyu, wanda ba a sa masa rana, ba a dama masa kunu. Shi ne ranar da auta ya ɗauki jaka aka raka shi tasha, ko aka kai ƙaramar 'yar gidan miji, iyaye suka dawo suka tarar tukunyar da aka saba ɗorawa ta yi wa mutum biyu yawa. A gidajen Kirista an fi jin abin a lokacin addu'ar safe, inda da ake karɓa-karɓa wajen karatun ayoyi, yanzu tsoho ne yake karantawa da tabarau tsohuwa tana amin. Ra'ayina shi ne Littafi Mai Tsarki bai lissafa wannan rana cikin asara ko horo ba, bai kuma yi wa kowa alkawarin ba za ta yi zafi ba. Ya ɗauke ta yaye ne, sai dai a wannan karon iyayen ake yayewa, mai yayewar kuma Allah ne. Ƙarfafawar da ke ciki ba ta dogara ga dawowar yaron ba.

Za a ce mini, kuma da gaskiyar mai cewa, wannan damuwar baƙuwa ce. Gidan Bahaushe na gandu ba ya zama kango don yara sun girma: 'ya mace ta fita, amarya ta shigo, namiji ya tayar da ɗakinsa a cikin gidan uba, jikoki su cika tsakar gida. Fita ma ba sabon abu ba ce. Ƙidayar da aka yi a kan hanyoyin lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953 ta ƙirga masu tafiya cin rani fiye da 250,000, gabanin haka kuwa almajirai sun yi ta barin iyayensu suna nufar 'Yandoto da makamantanta. Sai dai ɗan cin rani da hadarin farko yake dawowa, don gona tana jiransa. Wanda ya tafi Jos karatu ya samu aiki a Abuja ba damina ce za ta kira shi ba. Gandu ya watse a wurare da yawa, masaƙar Gusau da ta riƙe ɗimbin ma'aikata ta daɗe da rufewa, gonar da ke nesa da gari kuma yanzu sai da shahada ake zuwanta. Ga Kiristocin Zamfara abin ya ninka, domin su 'yan kaɗan ne, aurensu na mace ɗaya ne, kuma galibinsu makaranta suka ɗauka gado. Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne su kansu zuriyar masu barin gida ne. Jirgin ƙasa da ya ratsa Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, mishan ɗin CMS na Wusasa ya miƙa aikinsa har Tsafe tun zamanin Turawa, limaman Katolika na ɗariƙar Dominikan suka zauna a Gusau a shekarun 1950, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu bishara suka yi ta zuwa daga ƙasar Zuru da kudancin Kaduna da Filato. Kowane ɗayansu ya bar wata tsohuwa a wani ƙauye tana duban hanya. Dattijon da yake kukan 'ya'yansa sun watse a yau, in ya waiwaya zai ga shi ma haka ya yi wa nasa.

Wurin farko da Littafi Mai Tsarki ya tsaya a kan yaye shi ne Farawa sura 21, kuma da biki ya fara. Ibrahim ya yi babbar walima ranar da aka yaye Ishaku. Ba a ba mu labarin walima ranar haihuwarsa ba, ranar da aka cire shi daga nono ce aka tara jama'a, wato ranar da ya soma nisa da Saratu ita ce uban ya ga ta cancanci murna. Amma shafin bai ƙare ba sai da gidan ya tsage. A wannan bikin ne Saratu ta ga abin da bai yi mata daɗi ba, ta ce a kori Hajaratu da Isma'ilu, marubucin kuma bai ɓoye cewa maganar ta ɓata wa Ibrahim rai ƙwarai ba, don ɗansa ne. Ya yi sammako, ya ba su guzuri da salkar ruwa, ya sallame su. Ruwan ya ƙare a jejin Biyer-sheba, uwar ta ajiye yaron a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa. Iyakar abin da uba zai iya bayarwa ke nan, salka ɗaya, kuma ta ƙare. Labarin ya ce Allah ya ji muryar yaron a inda yake, ya buɗe idon uwar ta ga rijiya. Ibrahim ba ya wurin, bai ga rijiyar ba, mai yiwuwa a wannan sa'ar yana zaune ne a ƙofar alfarwarsa yana lissafin yadda ruwan zai kai su. Duk uban da ya taɓa cusa wa ɗansa kuɗin mota a aljihu, yana sane ba za su kai shi ƙarshen wata ba, ya san wannan lissafin. Shekaru da yawa bayan haka, a sura 25, Ishaku da Isma'ilu tare suka binne mahaifinsu.

Hannatu ce ta fi kowa kusa da maganarmu, don labarinta a farkon littafin Sama'ila na ɗaya a kan yaye aka gina shi. Ta daɗe ba haihuwa, kishiyarta Feninna tana yi mata gori, ta roƙi ɗa a Shilo ta yi wa'adin mayar da shi ga Ubangiji. Da ta samu, sai ta daina bin mijinta Elkana zuwa hadayar shekara, ta ce sai ta yaye yaron. Ta shayar da shi tana sane da ranar rabuwa, kowace shayarwa tana matso da ranar. Da lokacin ya yi ta kai shi da kanta, da bijimi da gari da salkar ruwan inabi, ta danƙa shi a hannun firist Eli. Masu wa'azi sukan yi saurin wuce wani abu a nan: gidan da ta bar yaron ba gidan kirki ba ne a lokacin. Eli ya tsufa, idonsa yana dushewa, 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya suna lalata da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa, kuma maganar ta bazu cikin jama'a. A tsakiyar wannan ne yaron, Sama'ila, ya tashi, a nan ne kuma ya ji kiran Allah da dare, uwarsa tana Rama tana barci ko tana juyi. Iyayen da suke ganin imanin ɗansu ba zai rayu a Legas ko a ɗakin kwanan ɗalibai ba sai a ƙarƙashin idonsu, ya kamata su daɗe a kan wannan. Tsoron nasu yana da dalili, amma a ƙarƙashinsa akwai zaton cewa Allah ya fi jin magana a Tudun Wada ta Gusau fiye da Ikeja.

Sai kuma rigar. Kowace shekara Hannatu takan ɗinka wa yaron 'yar riga ta kai masa in sun hau Shilo. Rama da Shilo duk a ƙasar tuddai suke, ba bangon duniya ba ne, amma labarin sau ɗaya a shekara ya nuna ta tana zuwa. Ba ta tare a ƙofar haikali tana leƙen abin da aka ba shi ya ci ba, ba ta kuma ce tunda na bayar na wanke hannuna ba. Ta samu aikin da ya rage mata ta riƙe. Mai ɗinka wa yaron da ba ta gani ba shekara guda dole ta yanka yadi da ƙiyasi, ta ƙara tsawo, ta buɗa kafaɗa, ta yarda cewa wanda za ta tarar ya fi wanda ta bari. In ta yi awo da yaron da ke cikin tunaninta, rigar ba za ta shiga ba. A nan iyaye da yawa suke tuntuɓe, masu addini ma sun fi, domin ƙauna da tsoron Allah sukan haɗu su ba mutum ƙarfin gwiwar yin katsalandan. Ɗa ya kai shekara 35, yana da mata da 'ya'ya, ana aiko masa da umarnin da ya dace da ɗan firamare: ga cocin da zai shiga, ga sunan da zai raɗa wa jariri, ga abin da matarsa za ta daina sawa. In bai bi ba a ce boko ya lalata shi, ko matar ta mallake shi. Farawa sura 2 tun kafin a haifi ɗa ko ɗaya a duniya ta sa barin uba da uwa cikin tsarin aure. Ana karanta wannan ayar a kowane ɗaurin aure a majami'a, iyayen ango suna zaune a layin gaba, amma kowa yana ɗauka da amarya da ango ake.

Dalilin da sakin yake wuya ba ƙauna kaɗai ba ce, akwai bashi a ciki. Mun taso muna jin cewa haihuwa jari ce, ɗa rumbun tsufa ne, kuma makamin ƙarshe na uwa in ɗa ya gagare ta shi ne ta ce ba ta yafe nonon da ya sha ba. Maganar tana da nauyin da ke sa ƙato ya durƙusa. Amma duba abin da take yi: tana mayar da abincin jariri rance, ta ajiye takardar bashin shekara talatin, ta fito da ita ranar da take son a yi mata biyayya. Uwar da ta yi haka ta cire yaron daga nono, ita ce ba ta fita daga ciki ba. Zabura ta 131, mai aya uku kacal, ta ɗauki hoton yayayyen yaro a jikin uwarsa ta kwatanta shi da ran mai bi da ya natsu. Mai shan nono in an ɗauke shi laluben ƙirji yake yi, uwa a wurinsa abinci ce. Yayayye ya daina lalube, ya jingina ne kawai don ita ce. Mai zaburar ya sa kansa a matsayin yaron, ya sa Allah a matsayin uwar, abin nufi shi ne Allah yakan janye abin da muka saba tsotsa daga hannunsa domin mu koyi zama da shi ba don abin ba. Ga iyaye, abin da aka janye shi ne a buƙace su: a tashe su da dare, a tambaye su kuɗin makaranta, a jira su dawo kafin a yanke shawara. Shekara ashirin ko talatin mutum yana sanin darajarsa da wannan, addu'arsa ma kusan duka a kan yara take. In aka ɗauke, sai ya ga bai san me zai ce wa Allah a kan kansa ba. Wannan zabura tana cikin goma sha biyar ɗin nan, daga 120 zuwa 134, na matafiya masu hawa Urushalima, tare da ta 127 da ta kira 'ya'ya gado daga Ubangiji ta kuma kwatanta su da kibau, da ta 121 da ake karanta wa mai tafiya kafin ya hau mota. Waƙoƙin hanya ne, ba a tsara su don masu kulle ƙofa ba.

Akwai suka mafi ƙarfi da wannan, kuma ba zan yi kamar na fi ƙarfinta ba. Yaye abu ne da uwa take shiryawa, ta zaɓi lokaci, ta zaɓi hannun da za ta miƙa wa. Yaran Zamfara da yawa ba haka suka bar gida ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Wasu iyayen da hannunsu suka tura 'ya'yansu Zariya ko Kaduna, ba don karatun can ya fi ba, don dai su kwana da ido biyu a kan mutum biyu maimakon bakwai, har sukan ce wa yaro kada ya zo Kirsimeti saboda hanyar Funtuwa zuwa Tsafe. Wani ɗan da faɗa ya fita, ya canza lamba. Wani addini ya canza, kuma wannan ciwon ba gida ɗaya ya sani ba: Masihiyawan farko su ma sun bar iyaye Musulmi da Maguzawa cikin irin wannan kukan. Kiran duk wannan yaye zai zama shafa wa gyambo zuma. Wata rabuwar ƙwace ce, sunanta ke nan, kuma Littafi Mai Tsarki bai sauya mata suna ba. Da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini, 'ya'yansa duka suka taru su ta'azantar da shi ya ƙi, ya zauna cikin makokin fiye da shekara 20, ba inda aka tsauta masa. Irmiya sura 31 ta nuna Rahila tana kukan 'ya'yanta a Rama, garin da ya yi suna ɗaya da na Hannatu, ita ma ta ƙi ta'aziyya. Mai wa'azin da zai tsaya gaban uwar da ɗanta ke daji ya ce mata ta koyi saki, bai karanta littafin da ke hannunsa ba. A irin wannan gida ɗaya ma'anar kalmar ce take aiki, wadda ake faɗa wa majinyaci, kuma ba a ƙara mata komai.

To me aka yi wa iyaye alkawari? Ƙasa da abin da ake faɗa a wasu tarurrukan farkawa. Ayar nan ta Karin Magana sura 22 a kan koya wa yaro hanya tun yana ƙarami ana riƙe ta kamar takardar yarjejeniya, har uwar da ɗanta ya kauce ta riƙa binciken inda ta yi kuskure. Karin magana ce, tana faɗin yadda abu yakan kasance, kuma Bahaushe yana da tasa da ke tsaye kusa da ita, cewa ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Sama'ila ɗin nan da kansa, ɗan addu'a, annabi, 'ya'yansa Yowel da Abaija cin hanci suka yi a kujerar shari'a, har ya zama dalilin da jama'a suka nemi sarki. Ayuba kuma, wanda 'ya'yansa maza bakwai kowa yake da gidansa, suna zagayen liyafa suna gayyatar 'yan'uwansu mata uku, ba ya zuwa ya zauna musu a kai. Yakan yi sammako ya miƙa hadaya a madadin kowannensu, ko da wani ya yi saɓo a zuci. Wannan shi ne hoton uban manyan 'ya'ya mafi kyau da na sani a littafin, kuma duk da haka gida ya rushe a kansu. Addu'ar iyaye ba laya ba ce. Abin da take yi shi ne ta mayar da yaron kullum hannun wanda yake iya kaiwa inda su ba sa kaiwa. Mutanen jihar nan sun ɗanɗana iyakar hannunsu a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, makonni ba kira ba saƙo, aka koma ba direbobi wasiƙa a tasha. Uwar da ta saba jin muryar 'yarta kowane dare ta gane cewa wayar tana kwantar mata da hankali ne kawai, ba ita ke tsare yarinyar ba.

Wani zai ji tsoron kada wannan magana ta zama lasisin 'ya'ya marasa kirki, su ce ai an yaye mu. Yaye ba yasarwa ba ne, yayayyen yaro ma gida ake mayar da shi. Yesu a Markus sura 7 ya yi kaca-kaca da masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah don su kauce wa taimakon iyaye, wanda ya kamata ya sa mai zuba baiko mai kauri a babban cocin Abuja, alhali rufin ɗakin uwarsa yana yoyo a Tsafe, ya sunkuyar da kai. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa kula da tsofaffin gida sāka alheri ne kuma farkon aikin addini. Tura kuɗi a karɓo wajen mai POS bai cika wannan ba, zumunta a ƙafa take. Bambancin shi ne wajibin yana wuyan ɗa a gaban Allah, ba igiya ba ce a hannun uba. Abin da aka ƙwata da barazanar baki ba girmamawa ba ne ko da ya zo a kan kari. Muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a harkar gado da sarauta da gona haka abin yake. Misalin da Yesu ya bayar a Luka sura 15 ya yi wa wannan karin maganar gardama. Ƙaramin ɗa ya nemi rabonsa uban yana raye, rashin kunyar da a ƙasar nan za ta jawo taron dangi. Uban ya raba ya ba shi, bai bi shi ba, bai aika a kamo shi ba, bai tsine ba. Amma ranar da yaron ya juyo, tun yana nesa uban ya hango shi, wanda ke nuna inda idonsa yake duk tsawon lokacin. Babban ɗan kuwa, da bai taɓa kwana a waje ba, shi ne ya ƙi shiga gida, ya kira zamansa bauta. Zama a tsakar gida ɗaya bai tabbatar da kusanci ba.

A tsohon tsari, gidan da ya yaye 'ya'yansa shi ne ake kawo wa jikoki yaye, sai ɗakin tsohuwa ya sake cika da kuka da wanki. Yanzu ana yaye jikan a Kubwa da madarar gwangwani, kakar ta gani a WhatsApp. Wannan giɓin na gaske ne, kuma a ganina ikkilisiya ce ta fi cancanta ta cike shi, ba da wa'azi ba. Na'omi ta dawo Baitalami ba miji ba ɗa, ta ce a daina kiranta da sunanta, amma littafin Rut ya ƙare da jariri a cinyarta, wanda ba jininta ba ne kai tsaye, matan unguwa suna cewa an haifa wa Na'omi ɗa. Yesu yana kan gicciye ya haɗa uwarsa da almajirinsa Yahaya ya mai da su uwa da ɗa. A Gusau akwai 'yan hidimar ƙasa da ɗalibai da sababbin ma'aikata da suka baro iyayensu a Binuwai da Inugu, suna cin abincin titi, a layin bayansu a majami'a kuma ga tsohuwar da ta rasa wanda za ta dafa wa. 'Yan Zumuntar Mata sun daɗe da gane wannan ba tare da an rubuta musu shi a tsarin aiki ba. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa, kuma mai ciyar da ɗan wani a nan tana da dalilin sa rai cewa wata tana ciyar da nata a can.

Saura mutum biyun da suka rage. A al'ada yaye ne yake mayar da mace ɗakin mijinta bayan dogon goyo, yaye na biyu ma haka yake yi, sai dai yakan tarar da mutanen da suka shekara talatin suna kiran juna Maman wane da Baban wane, hirarsu duka kuɗin makaranta ce da zazzaɓin yara. Elkana ya taɓa tambayar Hannatu ko shi bai fi mata 'ya'ya goma ba. Tambayar namiji ce da bai fahimci ciwon matarsa ba, labarin ma bai rubuta ta amsa masa ba, amma tana jiran kowane gida a ranar da auta ya tafi, kuma mata da miji ba lallai su ba da amsa ɗaya ba. Gidan Zabadi shaida ne. Yesu ya kira Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, suna gyaran taru, suka tashi suka bar mahaifinsu a cikin jirgi. Uwar ba ta zauna ba, ta bi su, har ta je ta roƙa musu kujerun dama da hagu a mulkin da take zato, aka ce musu ba su san abin da suke roƙo ba, kuma tana cikin matan da suka tsaya daga nesa ranar gicciye. Ɗanta Yakubu daga baya Hirudus ya kashe shi da takobi. Zabadi kuwa ba a sake jin ya yi wani abu ba, sunansa ya ci gaba da yawo ne a jikin na 'ya'yansa. Masu bishara ba su yabi wadda ta bi ba a kan wanda ya zauna, ba su kuma zargi ɗaya ba. Markus ya dai ƙara da cewa akwai 'yan ƙodago a jirgin tare da tsohon, wato washegari ma an fita kamun kifi a tekun Galili.